Zauren Agege Ba Na Haya Ba Ne

Dingyadi,
cikin watan Rajab.

Zuwa ga ɗana Maniru,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fata kana lafiya, da kai da iyalinka Mufida da jikokina duka. Yaya ruwan Ikko, yaya kasuwa? Mu nan sai godiya. Innarka Kaltume tana gaishe ku, gwiwarta ta ɗan yi sauƙi. Albasa ta yi kyau bana, mun fara cira a fadama.

Na ba Ɗanliti direba wagga takarda don waya ba ta bari tsoho ya kai ƙarshen magana. Shekaranjiya da ka kira, kai ka yi ta zuba, da na buɗe baki sai kuɗi sunka ƙare. To, takarda ba ta katse mutum.

Na ji abin da ka ce. Masu haraji sun aiko da takardar harajin gidanmu na Agege, ya ninka na bara har ba ka iya faɗinsa ba tare da salati ba. Abin da 'yan haya ke biya a ɗakunan baya ba ya isa, dillancin da kake yi a kasuwar Mil Sha Biyu kuma bai wuce cefane da kuɗin makarantar yara ba. Don haka kana son a raba zauren baƙi biyu, a yi shaguna, a ba da haya, tunda yanzu ko kejin kaji mutum ya sa a bakin titi a Ikko zai samu mai biya shekara biyu gaba ɗaya.

Amsata ita ce a'a. Na rubuta ta tun da wuri don kada ka wahala nemanta a ƙasan takarda.

Kai an haife ka ka tarar da zauren nan, shi ya sa kake ganinsa kamar fili. Ni lokacin da na fara bin motar albasa zuwa Kurmi, a ƙarƙashin mota nike kwana, ruwa na bi ta bayana yana fita ta ƙafa. Wani dattijo ɗan Shagari ya ɗauke ni ya kai ni gidansa, bai tambaye ni sunan ubana ba sai da na ƙoshi. Da Allah ya buɗa mini na sayi filin nan, lokacin duk ciyawa ce da kwaɗi, zauren na fara ginawa kafin ɗakin da anka haife ka. Fatoma nike, wato mai saukar da fatake. Duk wanda ya taso daga Bodinga ko Shagari ko Dandin Mahe da kayansa, ya san yana da tabarma da ruwan alwala da tuwon dare a gidan Sama'ila, ba a karɓar ko sisi. In an sayar da kayansa ta hannuna, la'ada ta fito daga ciniki, shi ke nan. A kan kuɗin wagga la'ada kunka yi karatu, kai da 'yan'uwanka.

Yanzu kana son mutumin da ya kwana biyu a kan buhuna ya sauko ya tarar da mai sayar da caja a inda ya saba shimfiɗa tabarma. Ba da raina ba.

Abin da nike son ka bincika shi ne dalilin da ya sa harajin ya yi wanga tsalle. Gida bai ƙara ɗaki ba, bai ƙara bene ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ka tambaya ka gaya mini.

Ka gaishe da Mufida, ka ce kunun gyaɗar da take dama wa baƙi labarinsa ya iso har Sifawa. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Alhaji Sama'ila Dingyadi.


Dingyadi,
ƙarshen Sha'aban.

Zuwa ga ɗana Maniru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, da fatan zazzaɓin da anka ce ƙaramarku ta yi ya sauka. Mu muna lafiya. An gama cira, albasa ta shiga rudu, wato rumbun da muke ajiye ta, sai jiran farashi. Zafi ya fara, mutane na shirin azumi.

Na riga ka gano bakin zaren, kuma a kasuwar Bodinga na gano shi, ina zaune wajen masu gyaran injin ban ruwa. Bala na Sifawa, wanda ka sani, mai hular nan da ba ta taɓa zama daidai ba, shi ya zo ya durƙusa gabana yana ta murza hannu kamar wanda ya fasa tulun surukarsa. Ashe ranar da masu kimanta gidaje sunka zo, ba ka nan, mota uku kuma sun sauke a daren jiya, zaure cike da mutane da jakunkuna, wasu har a tsakar gida. Wata mata mai riƙe da kwamfuta ta tsayar da Bala ta tambaye shi nawa yake biya a kwana. Ya ce shi a ransa, yaya babban mutum mai mata da 'ya'ya da gona zai tsaya gaban mace baƙuwa ya ce kyauta yake kwana, kyauta yake ci? Kunya ta kama shi, sai ya ce suna biya mana, kuma da tsada, don gidan Alhaji ba gidan ƙananan mutane ba ne. Sauran da ke wurin sunka gyaɗa kai don kada su ƙaryata ɗan'uwa a gaban jama'a. Wai shi a ganinsa daraja ya ƙara mini. Ita kuwa ta rubuta mu cikin gidajen kasuwanci, layi ɗaya da otal.

Na yi dariya har na yi tari, sannan na tuna kai ne za ka biya, dariyar ta tsaya. Bala ya ce in yafe shi. Na ce na yafe, amma in ya sake ƙara mini daraja irin wagga, sai na kai shi gaban alƙali.

Ɗanliti ya kawo mini amsarka, na kuma karanta har sau biyu. Ka ce ka je ofishinsu ka yi bayani, ma'aikacin ya saurare ka da ladabi, sannan ya ce shi tun da anka haife shi a Ikko bai taɓa jin gidan da ake saukar da mutum talatin kyauta ba, in akwai shi a nuna masa ya kwashe iyalinsa ya koma. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da rabin albashinsa ke tafiya a kan ɗaki ɗaya, ka ce masa akwai zaure na banza a bakin titi, tatsuniya ka ba shi.

Ka kawo shawara biyu. Ko a ƙara wa 'yan hayar ɗakunan baya, ko a sa wa baƙi kuɗin kwana, tunda an riga an rubuta mu haka. Ta farko, ka san su: mai gadi ne, da mai tura baro, da bazawarar nan mai sayar da abinci. In ka ƙara musu, ƙarƙashin gada za su koma. Ta biyu kuwa, wato don Bala ya yi ƙarya sai mu gyara gidanmu ya yi daidai da ƙaryarsa. Ban yarda ba.

Sai maganar da ka rufe da ita. Ka ce: "Baba, kana Dingyadi kana kyauta, ni ina Agege ina biya." Ka ce baƙin yanzu ba irin na da ba ne, kowa da wayarsa, tun yana Jega ya gama ciniki da mai saye, ba ya bi ta hannunka balle la'ada ta fito, amma tuwo yana ci. Ka ce Mufida ta sayar da keken ɗinkinta a watan jiya, ba ku gaya mana ba.

Innarka ta yi kuka a kan keken nan. Ni ban yi ba, amma na kasa cin abinci. Na buɗe rudu tun yanzu, abin da manomin albasa mai hankali ba ya yi sai damina ta kusa, farashi ya tashi. Maƙwabta na ta leƙowa suna tambaya ko lafiya. Ɗanliti zai kawo maka abin da na fitar, ka sayar, ka fara fanso keken, sauran ka rage wa masu haraji baki. Na san ba zai kashe wutar ba. Amma zaure dai a bar shi yadda yake.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya. Ka shafa mini kan yara.

Mahaifinka,
Alhaji Sama'ila Dingyadi.


Shagari,
bayan ƙaramar Sallah.

Zuwa ga ɗana Maniru,

Bayan gaisuwa mai yawa da barka da shan ruwa, ina fata kun yi Sallah lafiya, Allah ya karɓi ibadunmu. Innarka na gaishe ku, ta ce ta gode da atamfa. Na ji keken Mufida ya dawo ɗakinta, na yi murna ƙwarai.

Za ka ga daga Shagari nike rubutu. Ina gidan abokina, ana yi wa motoci lodi a bakin hanya. Wagga takarda za ta bi motar da ke tashi yau, ni kuma zan biyo motar Ɗanliti in an gama ɗaure kaya.

Kai ba ka gaya mini ba, amma baƙo yana da ido. Waɗanda sunka dawo Sallah sun ce ka karɓi kuɗin kafin alƙalami daga hannun wani mai sayar da wayoyi, an jibge yashi a ƙofar gida, magini ya zo ya auna zauren da igiya mutane na zaune a ciki. Ban yi fushi ba. Na san ba rashin kunya ya kai ka ba, tura ce ta kai bango. Duk azumin nan maganarka nike juyawa. Gaskiya ka faɗa, wanda ke kyauta ya kamata ya sa bayansa a ƙarƙashin kayan. To ga bayan nawa nan tafe.

Na je Sakkwato na zauna da wani lauya, jikan liman ɗinmu, ya buɗe mini dokar haraji ta wajenku. Ya ce gidan da mai shi ke zaune a ciki da kansa ba a yi masa kuɗi ɗaya da gidan kasuwa, kuma ana iya neman a sake dubawa in an yi kuskure. Bai yi mini alkawarin za su yarda ba, ni ma ban nema ba. Takardun gida da sunana suke. Zan zauna a ciki, in je ofishin da ƙafata, in zauna a bencinsu kullum har su gaji da ganin rawanina. Bala zai zo tare da ni ya warware abin da ya ƙulla. Ya ce yana jin kunya, na ce ai ita ta kawo mu nan, wannan karon ya bar ta a Sifawa.

Maganar la'ada kuma ka bar mini. Na zagaya Bodinga da Dandin Mahe na gaya wa masu kaya a gaban iyayensu: kwana kyauta ne har gobe, amma wanda ya kwana a zaurena, kayansa ta hannun ɗana za su bi, kamar yadda iyayensu sunka yi. Wanda wayarsa ta fi masa fatoma, ya kwana cikin wayar. Wasu sun yi dariya, wasu sun sunkuyar da kai. Kai yaro ne a idonsu, ba ka iya faɗa musu haka. Ni na ga ranar sunan yawancinsu.

Kada ka zaci abin ya zo mini da sauƙi. Na bar wa ƙanenka Yahaya fadama, kuma ka san Yahaya, yana ba albasa ruwa kamar shinkafa. Likita ya ce sanyin teku ba ya yi da ƙirjina. Innarka ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, da ta buɗe baki sai ta ce tsofaffi na dawowa gida su mutu, ni na ɗauki jaka zan koma inda na baro ƙuruciya. Na ce mata ƙasar Agege ma tana karɓar gawa. Ta ce in rufe mata baki, sannan ta ɗaure mini kuka da daddawa da yajin da zai kai ni damina. Ta ce in na ga abin ya zauna in aiko a ɗauko ta, don ba ta yarda da tuwon kowa a cikina ba.

Kada ka tashi kowa daga ɗaki saboda ni, kada Mufida ta takura yara. A zaure zan sauka tare da mutanena, wajen taga, inda iska ke shigowa. Ka mayar wa mai wayoyi kuɗinsa da haƙuri mai yawa, in ya nemi ƙari saboda ɓata masa lokaci, ni zan ji da shi. Yashin kuma kada ya tafi a banza, a cike ramin nan na bakin rijiya.

In kuwa ka ga ba za ka iya janyewa ba, ba zan yi maka baki ba, ɗana ne kai. Sai dai ka gaya wa magini ya zo da wuri, bayan na idar da walaha. Zai same ni zaune a tsakiyar zauren, daidai inda ya ja igiyarsa. In bangon ya zama dole, ya ɗora bulon farko a cinyata.

Ana kirana, sun fara ɗaure tamfol. Ka gaishe da Mufida da yara, ka ce su ɗora ruwan zafi, tsoho na tafe da ƙurar hanya. Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifinka,
Alhaji Sama'ila, fatoman Agege.