A Koya wa Likitocinmu na Ƙauye Farfaɗo da Wanda Numfashinsa Ya Tsaya

Zuwa ga Alhaji Likita, mai raba guraben horar da likitocin yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki.

Ranka shi daɗe, mai wagga wasiƙa ita ce Malama Hadiza ta Wurno, wadda ta koyar da kai a aji huɗu na firamare. Yau kai babba ne, kuma ina alfahari da kai ko'ina na zauna, amma ka yi mini haƙuri in na kira ka ɗana, don bakina ya saba. Na rubuto a fili ne saboda maganar ta wuce tsakanina da kai.

Na farko. Da rani bara, lokacin cirar albasa, maigidana Malam Buhari ya dawo daga fadama da hantsi, shina dafe da ƙirji, zufa tana zuba. Munka kai shi asibitin da ke kusa da mu. Ana cikin rubuta kati ya sulale daga benci. Na kira sunansa, bai amsa ba.

Wata likita, Nafisa, ɗiyar da ban ba shekara talatin ba, ta rugo ta durƙusa a kansa. Ta shiga danna ƙirjinsa da hannu biyu tana ƙirge da ƙarfi, ta sa nas ɗaya tana hura mashi iska, ta aiki ɗaya ta ɗauko wata na'ura mai girgiza zuciya da lantarki. Kowa ta gaya mashi abin yi da sunansa, ba ihu, ba ruɗewa. A girgizawa ta biyu zuciyar Malam ta tashi. Bana shi da kansa ya dasa albasarsa, har da faɗan da ya saba yi kan ban ruwa.

Da na koma yi mata godiya na tambaye ta ina ta koyi wanga aiki. Ta ce wani kwas na 'yan kwanaki anka tura ta birni, inda sunka yi ta gwaji a kan mutum-mutumin roba har hannu ya saba. Ta ce na'urar nan ta tarar da ita cikin kwalinta, ba wanda ya taɓa buɗewa. Na ji cewa kai ka sa hannu anka tura ta. Allah shi saka maka da alheri, ɗana.

Na biyu, kuma shi ne kukana. Ƙanena Sani masunci ne a madatsar ruwa ta Goronyo. Ni na goye shi, ni na yaye shi bayan rasuwar innarmu. Bayan Sallar Layya kwalekwalensa ya kife da safe. Abokan sana'arsa sunka tsamo shi da sauran rai, sunka kawo shi asibitin nan dai. Ranar Likita Nafisa ta raka wani majinyaci Sakkwato. Wanda munka tarar shi ne Likita Umaru, mutumin kirki, wanda ya daɗe shina duba mu ba tare da ya taɓa ɗaure wa kowa fuska ba.

Ina tsaye bakin ƙofa, na ga komi. Ya danna ƙirji har rigarsa ta jiƙe. Sani na buƙatar a zura mashi bututun numfashi a maƙogwaro. Bututun na nan a kan tire. Likita Umaru ya gwada, ya sake gwadawa, bai shiga ba. Kafin azahar Sani ya cika.

Na yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ko Nafisa na nan, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Amma an hore mu da yin iya ƙoƙari, kuma ranar nan akwai ƙoƙarin da ya rage ba a yi ba, don ba a koya wa mai yinsa ba.

Na uku. Ranar addu'ar uku Likita Umaru ya zo ta'aziyya, ya zauna can ƙarshen tabarma kansa a sunkuye. Da jama'a ta ragu ya nemi ganina. Ya ce, "Inna, ki gafarce ni, abin nan sau ɗaya na taɓa ganin an yi, tun ina makaranta." Ashe tun kafin a kawo Likita Nafisa, sau uku shina rubuta takardar neman kwas ɗin, kullum amsar ita ce in ya tafi ba mai riƙe asibiti. To mi ne laifinsa? Don ya tsaya tare da mu ne za a bar shi baya?

Saboda haka ga roƙona. In likitocinmu ba su iya barin asibiti, a kawo masu koyarwar nan Wurno, da Rabah, da Goronyo, da robobinsu da kayan gwajinsu. Kada a tsaya ga likita ɗaya a kowane asibiti, don shi ma mutum ne, shina tafiya, shina ciwo. A haɗa da nas-nas, don na ga da idona aikin ba na mutum guda ba ne. Kuma a riƙa maimaitawa. Na yi shekaru da alli a hannu, na san darasin da ba a bitarsa tashi yake yi. Wanda anka ɗauko daga Tursa ko Giyawa a kan babur ya riga ya ɓata lokaci a hanya, kada ya iso kuma a rasa mai hannun taimakonsa.

Abu na ƙarshe, kada wagga wasiƙa ta zama sanadin tuhumar Likita Umaru. Da na karanta wa Rabi, matar Sani, tana cikin takaba da goyonta, abu ɗaya ta ce in ƙara: in za a fara kwas ɗin, a sa sunan Likita Umaru farko.

Allah shi yi maka jagora, shi tsare ka daga sharrin kujera, shi jiƙan mahaifanka, shi sa hannunka ya zama sanadin rayuwar bayinsa.

Wassalam.

Malamarka,
Hadiza, Wurno.