Takardar Foli a Shagon Mma

Zuwa ga Mma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san wannan wasiƙa ba za ta iso gare ki ba, inda kike babu mai kai saƙo. Ko da kina raye ma ba karantawa za ki yi ba, miƙo min za ki yi ki ce in karanto, ƙafarki na kan keken ɗinki. Na dai rubuta.

Unguwarmu Maamobi tana nan yadda kika bar ta. Ruwan bana ya sake cika babbar kwata, amma bai shiga shagonki ba. Baba Isaka mahauci ya rasu bayan Babbar Sallah. Anti Zuwera ta koma Sabon Zongo wurin ɗanta. Ni kuma na gama Foli. An ba ni takarda, an sa mana wasu riguna masu faɗi, waɗanda da kin ga ɗinkinsu da kin yi tsaki.

Har kika koma ga Allah ba ki taɓa kiran makarantar Foli ba, Tekinikal kike cewa, sunan da Kaka ya san ta da shi. Ashe kina da gaskiyarki. Sun ba mu tarihinta a zangon farko. Tun zamanin Turawa aka kafa ta don koyar da sana'ar hannu, irin su gini da aikin katako da ƙira. Bayan samun 'yanci gwamnati ta ɗaga ta zuwa Foli, yanzu kuma jami'ar fasaha aka rubuta a ƙofa. Direbobin motocin haya na tirotiro dai ba su samu labari ba, har gobe Foli suke kira.

Kin ɗauka duk makarantar masu guduma ce. Suna nan, amma ba su kaɗai ba. Akwai masu gyaran mota da injin sanyi, da masu zanen gini, da masu gwajin jini da ruwa, da 'yan akanta masu ɗaure wuya kamar su suka gina wurin. A sashen girki da kula da otal jikan Baba Isaka yake, yana koyon yanka nama sanye da doguwar farar hula. Na san wata yarinya 'yar Old Fadama a sashen lantarki, tana hawa falwaya maza na ƙasa suna riƙe mata tsani. Har ajin yamma akwai, don masu fita aiki da rana. Namu sashen na ɗinki da zanen tufafi yana can baya, kusa da masu walda, ga hayaniya.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Ke da ido kike yanka, mu kuwa sai mun fitar da siffar riga a takarda kafin almakashi ya taɓa yadi. A nan na gano abin da ya sa rigunanki ke ɗamewa a hammata. Lanƙwasar gaba da ta baya ba ɗaya ba ce, ke kuma kina haɗa su ki yanke tare. Shekara da shekaru matan unguwa ba sa iya ɗaga hannu sosai a wurin biki, kuma ba wadda ta yi ƙorafi. Ranar da na gane, na dawo da niyyar nuna miki. Na tarar kina yi wa wata amarya awo, kina faɗa mata yadda ake zama da miji, sai na fasa. Wa zai gyara wa Mma yanka a shagonta?

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Kin bar 'yan mata biyu a shagon, Rabi da Adiza. Sun ƙware, lokacin yaye su ya yi har ya wuce. Rabi ta samu ɗan shago a Nima, mai shi kuma ya ce ba zai jira ta har abada ba. Kin san ƙa'ida, ba mai buɗe nata wurin sai uwar ɗakinta ta yi mata firidom, wato bikin yaye, a tara jama'a, a sha lemo, ta durƙusa a zuba mata hoda a ka, a miƙa mata almakashi da abin awo, a sa mata albarka. Na ce zan yi musu a madadinki. Sai manyan ƙungiyar teloli suka aiko a kira ni.

Na tafi da takardata cikin leda. Sun karɓa da hannu biyu, sun juya ta, sun ce ma sha Allahu, suka mayar min. Sannan suka tambaye ni wa ya yaye ni. Mma, me zan ce? Na shiga Foli kafin ki yaye ni, kin ce in je in dawo tukuna, babu gaggawa. Kin tafi ina shekarar ƙarshe. Suka ce wadda ba a yaye ba ba ta yaye wani. Na ji haushi, amma ban yi musu ba, don da kina cikinsu ke za ki fara faɗa.

Hajiya Lami, wadda kuka koyi ɗinki tare, ita ta samo mafita. Ta ce in zauna a shagonta zuwa azumi, in yi shara, in hura gawayin guga, in sa maɓalli kamar kowace sabuwar shiga, sannan ta yaye ni, ni kuma in yaye su Rabi. Malamarmu ta Foli ta ce in rabu da su, takardata ta isa in buɗe shago a ko'ina cikin Accra. Gaskiya ta faɗa. Amma takardata ba ta isa ta buɗe wa Rabi nata ba.

Na amince. Sharar ba ta dame ni ba, na share naki tun ina ƙarama. Abin da ke ci min rai daban ne. A sana'ar nan da sunan wadda ta yaye mutum ake kiransa. Su Rabi za a ce yayen Memuna ne, wato ni. Ni kuwa, da na koyi sa zare a allura a cinyarki, har in mutu yayen Hajiya Lami za a ce da ni. Me ya hana ki yi tun da wuri? Fushi kike da na tafi Foli, ko kuwa da gaske kin ɗauka akwai lokaci?

Ranar Litinin zan fara. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki. Sai mun zo.

'Yarki Memuna,
mai koyon ɗinki a hannunki har yanzu.