Kada Ka Ba Mai Gwangwan Keken Baba

Yaya,

Na leƙa na tarar kana barci, ni kuwa ba zan iya jira ba. Na gano matsalar! 

Rim ɗin keken Baba, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai, lafiyarsa lau, bai lanƙwashe ba. Jiya da ka fusata ka ce gara a kira mai gwangwan a sayar masa da keken, sai na zaro tsohuwar tayar daga bayan buhun gawayi na wanke ta. A gefenta akwai wata ƙaramar lamba, 590. Ta sabuwar da ka sayo kuwa 559 ce. Dukansu an rubuta musu 26, amma ashe rim ɗinmu ya fi ta girma. Shi ya sa ta ƙi shiga, har ka lanƙwasa cokalin Umma a banza.

Na tafi wurin mai taya in canjo ta. Ka san ni da nauyin baki, amma yau sai na yi magana.

Don Allah in mai gwangwan ya zo ka sallame shi, da keken nan zan riƙa zuwa ɗakin karatu. Ko ka so ma ba zai sayu ba, ƙafar gaban tana hannuna.

Ƙanwarka