Haƙorin Baba

Alhamis da dare, Batsari

Yau Allah ya tsare. Na dawo daga makaranta na tarar da Baba a zaure, Sarkin Aska ya shimfiɗa awartakinsa a kan tsumma, zai cire masa haƙorin da ya hana shi sakat kwana uku.

Na durƙusa na gaishe su. Tun da ciwon daji ya taɓa ƙashin Baba ake yi masa allura ta jijiya a Katsina, wadda ke ƙarfafa ƙashi ta kuma sauke kalsiyam ɗin da ya yi yawa a jininsa. Likita ya ja mana kunne: kada a cire masa haƙori sai da saninsa, don ƙashin muƙamuƙi yana iya ƙin warkewa.

Baba ya ce, "Malama, nan ma aji ne? Shekara arba'in hannun nan yana yi mini aski."

Na ce, "Baba, aski daban. Wannan ramin yana iya ƙin rufewa."

Sarkin Aska ya dube ni, ya naɗe tsummansa. "Alhaji, mu bi ta yarinyar nan. Kanka dai nawa ne, bakin na bar wa likita."

Na kira asibiti, suka ce mu zo da safe likitan haƙori ya duba. Har yanzu Baba bai kula ni ba. Amma da na leƙa bayan isha'i, na ga ya fito da rigar da yake sawa in za mu Katsina, ya rataye ta a bakin ƙofa.