Wane Icce Lokotoro Yake Nufi?

Daren Talata, Dumega

Tun shekarar da fara ta cinye hatsi na dasa dogon yaron nan. Yau ɗana Sani ya ɗauko masa gatari! Wai lokotoron asibiti ya ce garin furen wani icce ke toshe wa jikata Hadiza numfashi, ya faɗi sunansa na boko, dogo kamar igiyar rijiya.

Na ce, "Da Hausa wane icce ne?"

"Baba, ban tambaya ba, amma wannan ne kusa da ɗakinta."

Ji shirme! Ga yarinya can tana ta tari. Da safe zan karyo reshen dogon yaro da na gawo da na aduwa, in kai Dogon Dutsi lokotoro ya nuna mini da yatsa. In nawa ne, ni zan sare shi.