Lakar da Na Wanke

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taka? Ina fatan Inna ta hana ka sauka haƙar rijiya. Ni lafiya lau, sai dai ɗakin aikinmu kamar cikin firji yake, yatsuna duk sun tsattsage. Kada Inna ta ji.

Aikinmu laka ce, Baba. Ana nitsa dogon bututu ƙasan tafki a zaro lakar, mu tsaga ta biyu. Sai ka ga layi-layi, mai haske da mai duhu, kowane biyu shekara guda. Makon farko na ga bakin bututun kaca-kaca, na goge shi tas. Shugabarmu ta dafe kai: "Kin wanke shekara arba'in!"

Jiya muka iske jan layi, alamar tafkin ya taɓa ƙafewa. Sai na tuna yadda kake murza ƙasar rijiya, ka sansana, ka ce, "Nan ruwa ya taɓa kwana." Yaya kake ganewa? Don Allah ka sa Yaya ya rubuto mini, kada ya rage komai.

A da ina jin kunyar taɓon rigarka gaban ƙawayena. Ka yafe mini. Ashe karatu kake yi a can ƙasa.

Allah ya ƙara lafiya.

Autarka