Kada Ki Janye Abin Da Kika Faɗa

Zuwa ga Malamata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira,

Bayan gaisuwa mai ƙamshin furen lemo da sassafe, ina rubuto miki ne a matsayin mutumin da duk gari ke taya murna, alhali murya ɗaya da yake begen ji ta ƙaurace masa. Tun da aka nuna zagayen ƙarshe na gasar kacici-kacici a talabijin, aka ga an damƙa mini kofi da makullin mota, babu wanda bai kira ni ba, har da kawun nan nawa da ya daɗe yana cewa digirina na ado ne. Ke kuwa shiru. Da na tare yayanki a bakin shagonsa, ko kallona bai yi ba ya ce, "Ƙamus, ka yi ta kanka. Malama ta ce yaudararta ka yi." Yaudara, ya hasken raina? Wannan tuhuma ce mai nauyi, kuma adalci ya wajabta a saurari hujjar wanda ake tuhuma kafin a zartar da hukunci.

Ki sani, shirin nan ba kai tsaye ake nuna shi ba. Ɗauka ake yi a adana, sai bayan makonni a watsa. Ranar da na yi nasara, tun gumin fitilu bai bushe a goshina ba, mai shirya shirin ta tara mu ta ce duk wanda ya fitar da sakamako kafin a nuna, ko ga mahaifiyarsa ne, kyautarsa ta koma ga na biyu. Suka lulluɓe motar da tamfal a harabarsu, suka mayar da kofin cikin kwali, na fito na tari motar haya kamar kowa. Ki auna girman wannan jarrabawa. Ni, da kika ce ko atishawa zan yi sai na yi mata muƙaddima, ni aka ɗora wa labari mafi girma a tarihin rayuwata, aka ce in haɗiye.

Kin tuna yammacin da muka riƙa yi a ajinki bayan yara sun tashi? Ina naɗe a kan ɗan bencin nan, gwiwoyina na neman haɓata, ke kuma kina tsaye riƙe da ƙararrawar makaranta, kina jefo mini tambayoyin koguna da taurari da ƙasusuwan jikin ɗan Adam. Da zarar na gyara murya na ce, "A haƙiƙanin gaskiya, idan muka yi la'akari," sai ki kaɗa ta a kunnena ki ce, "Amsa aka tambaye ka, ba lacca ba." Wallahi a tambayar ƙarshe, lokacin da zauren ya yi tsit, agogo na gudu, lacca ta taso mini har maƙogwaro, ƙararrawarki na ji. Kalma ɗaya na furta na rufe bakina. Mai gabatarwa ma sai da ya ɗan dakata, yana jiran saura.

Sannan ranar da na dawo. Na same ki kina share allo, farin alli a girarki kamar jinjirin wata. Kika juyo kika ce, "Yaya?" Na sunkuyar da kai, domin na san muddin idona ya haɗu da naki, alƙawari ya rushe. Ke kuma kika karanta shiruna a matsayin faɗuwa, don ba ki taɓa ganina babu magana ba. Kika ajiye abin sharewa, kika zauna a bencin da ke gabana, kika ce, "Ƙamus, ɗago kanka. Ni ba kofi nake jira ba. Ko shekara za ka ƙara kana yawo da takardunka ofis-ofis, ni kai na zaɓa." Ke, da tun haɗuwarmu mafi taushin abin da na samu daga bakinki shi ne "Allah ya shirye ka"!

Yanzu na fahimci kina jin na bar ki kin buɗe zuciyarki, ni kuma ina dariya a ciki. Ya kurciyar zuciyata, wace dariya? Hawayen da kika gani ba na wasan kwaikwayo ba ne. A ranar na so in watsar da mota da kofi in gaya miki komai, amma sai na tuna muryarki ta dushe saboda tambayoyin nan, na ga ba ni da ikon zubar da wahalar da ba tawa ce ni kaɗai ba.

Kuma ga abin da falsafata duk ta kasa biya. Yau kowa yana ƙaunata. Waɗanda suke tsallake titi idan sun hango ni da jakar takardu, yanzu su ne masu cewa dama sun ga alama. Ba ni da ma'aunin da zan auna ko ɗaya daga kalamansu. Naki ne kaɗai aka faɗa wa mutumin da ya dawo hannu wofi, takalminsa duk ƙura. Idan kika janye shi, me ya rage mini? Ƙarfe mai ƙafa huɗu da ban ma iya tuƙawa ba? Motar tana nan a ƙofar gida, Umma na korar yaran layi daga jikinta. Ledar kujerar gaba na hana kowa cirewa, har ƙanwata ta ce ko jiran aljana nake. Na ce kusan haka ne.

Saboda haka, ga roƙona, ba tare da muƙaddima ba. Gobe idan yara sun tashi, zan zo in naɗe a ɗan bencina na kusa da taga. Wannan karon ni ke da tambaya, kuma ita ce kaɗai tambayar da duk karatuna bai tanadar mini amsarta ba: maganar ranar nan tana nan? Na san kunyarki, ba sai kin maimaita ba. Idan tana nan, ki kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. Idan ba ki kaɗa ba, zan tashi ba tare da jayayya ba, jibi kuma ki same ni a wurin. Kin riga kin ga na iya shiru, za ki ga na iya jira.

Naki muddin koguna na gangarawa teku, da mota ko a ƙafa,

Ƙamus ɗinki, wanda kalmominsa suka ƙare a kanki